Kifin teku da maburgin Kaka

Yayana ne ya kawo mini su daga Legas: ƙananan kifayen teku biyu masu ruwan lemo da ratsin fari, da akwatin gilashi, da gishirin da ake haɗa musu ruwa da shi. Na ajiye su a falonmu a Ƙofar Ran. Kakata ta leƙa ta taɓe baki, ta ce ita ba ta ga amfanin kifin da ba a soyawa ba.

Wata rana da azahar, ana tsananin zafi, aka ɗauke wuta. Ɗan injin da ke hura musu iska ya tsaya. Kafin la'asar kifayen sun taso sama suna buɗe baki. Na kira yayana a ruɗe, ya ce in yi ta motsa ruwan har wuta ta dawo. Na ɗauki kofi ina ɗiba ina zubawa, har hannuna ya gaji.

Sai ga Kaka da sabon maburgi. "Matsa, ɗan nan, ba ka iya ba." Ta jawo kujera, ta shiga burga saman ruwan a hankali kamar mai kaɗa miyar kuka, tana ce musu, "Ku yi haƙuri baƙi, haka garin namu yake." Kumfa ya tashi, kifayen suka koma ƙasa suna ta zagaye.

Da aka kawo wuta yaran gida suka ɗau ihu. Kaka ta miƙe tana tausa kafaɗa, ta tambaye ni ko kifayen sun ci abincin rana.