Hakin da Inna Ta Gada Daga Haihuwata

Fiɗa aka yi wa Inna aka ciro ni, a zamanin Turawa, shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadama. Da naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, Baba ya sa ta a kwalekwale daga ƙauyenmu na gefen Kirikasamma zuwa Haɗeja, inda wani likita Bature ya yi mata aiki.

Ban san wannan ba sai da na yi wayo. Abin da na tashi na gani shi ne Inna ba ta iya daka. Da ta ɗaga taɓarya kaɗan sai ta jingina da rumbu tana haki, ƙirjinta na kuka kamar ɗan tsako.

Wata rana muna wanki a bakin kogi na tambayi Gwaggo, ƙanwar Baba, abin da ke damun Inna.

"Ai ke kika zo da shi," in ji ta, tana matse zane.

Ba da mugunta ta faɗa ba, labari take ba ni. Ta ce malamar asibiti ta umarci Inna ta riƙa tashi zaune, ta taka, ta yi tari ko da zafi. Inna kuwa tsoro take kada ɗinkin ya ɓalle, sai ta riƙa danne tarin, tana numfashi sama-sama. Da aka dawo gida Kaka ta ɗaure mata ciki tamau, ta kwantar da ita a gadon jego, wuta a ƙarƙashi, hayaƙi ya cika ɗaki. Majina ta zauna a ƙirji, zazzaɓi da ciwon haƙarƙari suka biyo baya. Ta tashi, amma numfashin bai dawo daidai ba.

Tun daga ranar da Gwaggo ta faɗa mini haka na daina gudu a gaban Inna. Na karɓe daka, na karɓe ɗiban ruwa. In ta fara tari ina cin tuwo, sai in tsame hannuna. Ga shi ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, ba ta sakin fuska da ni. Kunya ce irin ta iyaye, amma ni sai na ɗauka riƙe ni ta yi a zuci.

Da kakar shinkafa ta zo, ina sheƙa a tsakar gida, ƙaiƙayi ya taso wa Inna da tari. Na ajiye faifai na durƙusa.

"Inna, ki yafe mini."

Sai da tarin ya lafa ta dube ni. "Yafe me, 'yar nan?"

Na faɗa mata abin da Gwaggo ta ce. Ta yi ɗan murmushi.

"Ba ruwanki. Ni na ƙi yin tarin. Gani nake in cikin ya buɗe na mutu, wa zai ba ki nono?"

Ta faɗa ne don ta sauke mini nauyi, ba ta san ƙara mini ta yi ba.

Ta rayu har ta ga 'ya'yana. Dukansu a ɗaki na haife su, cikin sauƙi, kuma kowane lokaci kunyarta nake ji. Ita ko, sai ta hau jaki ta zo barka, ta huta a zaure numfashinta ya daidaita, sannan ta shigo ta ce a miƙo mata jikanta.