Matar da Ke Cire wa Mahaya Dutse Takalmi

Kafin mutum na farko ya sauko daga dutsen, Inna Mai Baho ta riga ta kafa rumfarta. Baho shida a jere, ruwan ɗumi, gishiri, auduga da almakashi. Shekara goma sha huɗu ke nan wannan ma'aikaciyar jinya tana tarbar masu tattakin taimakon marayu a gindin dutse. Ba ta taɓa hawansa ba.

Dokarta ɗaya ce: babu mai cire takalminsa da kansa. Ita ke kwance igiya, ta zare safa, ta duba ta ciki da waje kafin ƙafa ta shiga ruwa. "Kowa ka tambaya, lafiya lau zai ce maka," in ji ta. "Shi ya sa nake duba safa."

Bara wani tsohon hedimasta mai ciwon sukari ya sauko yana ta raha, saura tafiyar yini ɗaya a kammala tattakin. Ya lallaɓa bayan rumfa zai cire nasa. Ta hango shi.

"Malam, da ɗalibinka ne ya yi haka, bulala nawa zai sha?"

"Haba Inna, ƙafar nan ko zafi ba ta yi mini."

"Abin da ya dame ni ke nan. Miƙo ta."

Safar hagu ta manne da jini. Tsakuwa ta huda tafin ƙafar tun safe, shi bai ji ba. Ta wanke, ta naɗe, ta kulle takalmansa a akwatin magani. Ya yi magiya, wai jikokinsa na jiran sa a inda za a kammala. Ta ce za su fi son kaka mai ƙafa biyu. Likitan da ya duba shi washegari ya ce da ya ƙara yinin nan a hanya, da wuya ƙafar ta tsira.

Inna, ke ce mai durƙusawa gaban ƙafafun da masu su ma ke toshe hanci saboda warinsu. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Bana ta ce gwiwa ta gaza, za ta huta. Rumfar na neman magada, kuma ba sai mai ƙarfin hawa dutse ba. Duk mai iya durƙuso ya zo ya koya. Wanda ya fara ba da sunansa shi ne hedimastan nan, bayan ya kammala tattakin bana da ƙafafunsa biyu. Inna ta karɓe shi. Ta ce Allah ya sa yanzu ya fara jin magana.