Na Ce Wake, Ban Ce Iri Ba

Ana idar da sallar asuba muka nufi tashar Gazawa, ni da maƙwabcina na garka. Masu bin labarina sun san aikina. Shekara da shekaru ina noman garka ban taɓa zuba angire, wato takin zamani, ko fesa maganin kanti ba. Takin awaki, toka da ruwan ganyen dogon yaro, su ke nan. Sun kuma san waken Baba, ɗan ƙaramin jan waken nan mai yaɗo, wanda ko ruwa ya ɗauke sati uku ba ya laƙwasa. Mahaifina ya zo da shi daga Gobir tun ba a haife ni ba. To bana tulun da nake ajiye irinsa cikin toka ya tsage ban lura ba, ƙwari suka mayar da shi gari. Mutum ɗaya ta rage da na san tana da shi, Gwaggo, ƙanwar Baba, a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Na kira maƙwabcinta mai salula na ce ya gaya mata ina tafe saboda waken Baba. Damina ta ƙarato, ba ni da lokacin ɓatawa.

Motar da muka samu ta ga duniya. Ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, an kuma cusa mu biyar a kujerar mutum huɗu. Direba ya ƙara kuɗin mota, da muka yi magana ya ce sojoji sun koma bariki, yanzu demokaraɗiyya ake, kowa da ƴancinsa. Hotunan ƴan takarar zaɓen da ya wuce suna nan manne a bango da jikin itatuwa, rana ta cinye fuskokinsu, murmushin kawai ya rage.

A Agye direba ya tsaya ɗaukar buhuna, sai na hangi dogon layi a ƙofar wani buro, ofishin hukuma. Rabon iri ake. Na sauka na leƙa. Wake ne cikin leda a liƙe, an rine shi da jan magani, ga wani sabon konseye, wato kansila, tsaye a gefe yana karɓar godiya kamar daga rumbunsa aka ɗebo. Na matsa wurin malamin gonar da ke rabon na tambaye shi wane iri ne wannan.

"Ingantacce ne," ya ce.

"Daga ina ya fito? Ko irin nan ne da rediyo ke kira OGM, wanda aka taɓa halittarsa?"

"Malam, ingantacce dai. Haka aka kawo mana shi. In kana so ka bi layi."

Ku fahimce ni, ban ce OGM ba ne. Ban sani ba. Shi ma mai rabon bai sani ba, konseye bai sani ba, manoman da ke layi balle su. Wannan rashin sanin shi ne ya ƙona mini rai. Muna ji a rediyo ana muhawara a Yamai a kan ko za a bar irin wannan iri ya shigo ƙasa, ana ta faransanci a ɗakuna masu sanyi, amma ba wanda ya taka ya zo ya tambayi mai fartanya. An tambaye mu wa muke so ya mulke mu, mun sha rana mun dangwala. Abin da za mu zuba a ramin shuka kuwa, wannan an ce ba huruminmu ba ne. Kuma in iri ya zama sai an kawo maka shi a leda kowace shekara, to ranar da motar ba ta zo ba me za ka shuka? Na koma mota ina huci, maƙwabcina ya ce in rage murya kada jandarma ya ɗauka faɗa ake.

A Maradi muka sauya mota. Mun sha fura a tasha, kofin dala ashirin wanda rabinsa ƙanƙara ce. Muka wuce Tibiri, muka sauka Gidan Rumji rana tsaka, daga nan sai kabu-kabu cikin yashi. Sau biyu muna sauka muna tura babur, mai shi yana zaune a kai yana ba mu ƙwarin gwiwa. Gonaki duk an share su, gawo ya fara zubar da ganye, kowa ya san ruwa na hanya.

Gwaggo ta tarbe mu da guɗa. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta, amma bakin yana nan. Kafin mu gama gaisawa an shimfiɗa tabarma, an dire mana babban kwano na shinkafa da wake, ga man gyaɗa, ga yaji. Loma ɗaya na yi na ji ƙuruciyata ta dawo. Na ci, na ƙara. Maƙwabcina ya ci har ya kwance maɓallin wuya. Dattawan unguwa da suka zo gaishe mu su ma suka sa hannu, aka suɗe kwano tas.

Bayan la'asar na ce, "Gwaggo, to a ɗauko mini irin in gani."

"Wane iri, ɗana?"

"Irin waken Baba."

Ta dube ni, ta dubi kwanon da ke kife a gefe. "Ai shi na kac ci. An ce mini ka yi marmarin waken babanka. Rabin tiya ta rage cikin tulu, na juye ta duka na dahwa maka. Wake anka ce mini, ba a ce iri ba."

Gaskiyarta ce, wake na ce. A wurin manomi wake abin tukunya ne, iri kuwa abin tulu, ko yunwa za ta kashe gida ba a haɗa su. Ni da nake wa mutane wa'azin iri, ni na aika da kalmar da ba ita ba. Amma na san Gwaggo. A yunwar bara ta sayar da akuyarta ba ta buɗe tulun nan ba. Na tambaye ta me ya sa yau ta iya.

"Mutanen proje masu rabon iri sunka zo da na leda," ta ce. "Sunka ce kada a gama shi da namu cikin gona. Tsohon a ci, sabon a shibka. To mi zan yi da shi, tun da an ce ba iri ba ne yanzu?"

A nan ne raina ya ɓaci na gaske, ba da ita ba. Wani ya sauko daga mota, ya yi maganar minti goma, ya sauke abin da tsohuwa ta tsare shekara hamsin daga matsayin iri zuwa cefane, ya hau motarsa ya tafi. Bai san sunan waken ba. Bai tambaya ba. Na zaga gida shida a ƙauyen kafin magariba ina neman irin. Wasu yunwa ta ci nasu bara, sauran sun bi umarni sun dafa.

Da na dawo na tarar da Gwaggo a durƙushe bayan madafa tana tona yashi da yatsa. Wurin da ta watsa wa kaji tsintar waken ne, masu huji da ƴan ƙanana da ta ga ba su dace da baƙo ba. Muka durƙusa mu uku har da maƙwabcina muna korar kaji muna tsinta. Ƙwaya goma sha bakwai muka samu. Ta ƙulle mini su a bakin tsohon kallabi, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Washegari muka juyo Gazawa. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ba sai an ƙwace wa manomi irinsa ba. Ya isa a gaya masa nasa ba iri ba ne, shi da kansa zai ɗora tukunya, ɗansa kuma ya ci ya yi hamdala. Ban jira ruwan sama ba, na shuka su a garka kusa da rijiya, na kewaye da ƙaya. Huɗu ne suka tsiro. Duk abin da Baba ya bar mana yanzu tsiro huɗu ne, akuya ɗaya za ta iya gamawa da su kafin in juyo daga ɗiban ruwa.