Yanyawar da Adda ta Saƙa

Ranar wata Alhamis ce da la'asar, cikin bazarar shekara ta biyu bayan an daina kashe fam da sule an koma naira, wata sabuwar mota fara ta tsaya a ƙofar gidanmu da ke Ƙofar Durɓi. Ina durƙushe bakin rariya ina wanke-wanke, hannuna duk toka, sai na ji yaran unguwa sun ɗauki ihu, sun kewaye motar suna leƙa fuskokinsu a madubi. Gwaggona ce, yayar babana, ta zo daga Kaduna. Mijinta na cikin waɗanda kuɗin mai suka fara yi wa sallama: an ƙara masa girma a ofis, an ba shi gida mai famfo a ciki, ga kuma mota. Haihuwa ce kawai Allah bai ba su ba. Bayan an gama doguwar gaisuwa, an tambayi gajiya da zafi da mutanen Kaduna, an sha fura, sai Gwaggo ta dubi babana ta ce roƙon Hajara ta zo, wato ni, ta riƙe ni ta sa ni makaranta mai kyau. Baba ya ce ai babu roƙo a tsakaninsu, amma a ji ta bakin mai ɗakin. Na tsaya cak da kwano a hannu. Mahaifiyata na bakin murhu tana iza wuta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ai taki ce, Yaya," ta ce. Shi ke nan fa. Aka tsayar da magana cewa da an ba da hutun makaranta za a zo a ɗauke ni. Shekarata tara a lokacin.

Yaran yanzu ba za su gane wannan amsa ba, sai an yi musu bayani. Ni ce 'yar fari, mahaifiyata kuwa Bafulatana ce, a ruga ta tashi, can wajen gari. A wurinsu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tsaya masa ko da an cuce shi, balle a ce za a ɗauke shi ta ce a'a. Ni ma ba a koya mini kiranta Inna ba, Adda nake ce mata kamar yadda ƙannenta ke kiranta. Idan za ta aike ni sai ta ce "ke", idan kuwa da baƙi sai ta dubi ƙanena Sani ta ce, "Ce ma waccan ta ɗauko tabarma." Shi Sani kuwa, tabɗi! A cinyarta yake cin tuwo, sunansa kuma har waƙa take yi da shi. Manya na yabonta, suna cewa ga mace mai kunya. Ni dai haushi nake ji, wallahi haushi mai yawa. Abin da nake so a duniya bai wuce ɗaya ba: kafin motar nan ta dawo, in ji Adda ta kira ni Hajara da bakinta.

Gidanmu gidan haya ne mai sassa biyu, da rijiya a tsakiya da wata tsohuwar bishiyar darbejiya. Babana direba ne a ma'aikatar ayyuka, kuma shekarun nan ba ya zama, kullum yana kan hanya da siminti da rodi, don duk inda ka duba a Katsina gini ake yi. A ɗaya sashen akwai Maman Yohanna, Kirista daga kudancin Zariya, mijinta akawu ne a wani ofis can GRA. Mace ce mai faɗa da dariya, idan ta yi magana a ɗakinta har zaure ana ji. Ranar da suka tare ta tambayi sunan babban ɗan gidan, ta kuwa ɗaga murya ta ce, "Sannu Maman Hajara!" Adda ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da ƙyar aka fahimtar da ita ta koma cewa Maman Sani, tana yi tana mita, wai ita ba ta taɓa jin inda mutum zai haifi ɗa ya riƙa gudun sunansa ba. Duk da haka shiri suka yi sosai. Tare suke surfe, tare suke tsince wake, ranar Kirsimeti shinkafarta ta shigo mana, ranar Sallah namanmu ya shiga mata.

Maman Yohanna gwanar saƙa ce. Da ta gama aiki sai ta baje ƙarƙashin darbejiya da kwarashinta da ƙullin zaren ulu, ta saƙa hular jarirai da safa da shimfiɗar kan rediyo. Mu kuwa idan mun dawo daga makaranta, mun ɗebo ruwa, mun share tsakar gida, mun gaji da carafke da 'yar gala-gala, sai mu kewaye ta muna kallo. Tana da wata tsohuwar mujalla da mijinta ya samo mata, wadda wata Baturiya ta bari da za ta koma ƙasarsu. A ciki na ga hoton wata 'yar dabba ta saƙa, ruwan goro, mai dogon baki da farin ƙirji da wutsiya buzu-buzu. Mu da 'yar tsanarmu ba ta wuce ƙashin ƙafar saniya da aka ɗaura wa tsumma ba, ai sai na ji raina ya biya. Yohanna ya ce kare ne, Sani ya ce mage ce, muka yi ta musu. Adda da ke gefe tana tankaɗe ta leƙo sau ɗaya ta ce yanyawa ce, sun sha ganinta a bayan ruga tana fakon kaji, amma wanda ya yi hoton bai san ta ba, don ta gaske kunnuwanta sun fi haka girma. Ni kuwa na shafa takardar na ce, "Da ma tawa ce." Adda ta ci gaba da tankaɗenta.

Bayan tafiyar Gwaggo da 'yan kwanaki sai ga Adda zaune kusa da Maman Yohanna da kwarashi a hannu. Ta ce saƙa take son koya, kuma da wannan dabbar za ta fara, wai za ta yi wa Sani. Maman Yohanna ta ce ana fara koyo da hula ne, ba da abu mai kai da ƙafa ba, Adda ta ce ita dai wannan. Ba ta iya karatu ba, don haka bayanin da ke jikin mujallar bai amfane ta da komai ba, da ido take ɗauka. Za ta ƙulla sarƙar farko, ta haɗe ta zobe, ta yi ta zagayawa tana ƙara ido har abin ya fara zama kamar ƙoƙo. Matsalarta ɗaya, hannunta ya saba da saƙar faifai, inda ake jan kaba da ƙarfi, sai ta riƙa tsuke zaren har kwarashin ya ƙi shiga. "Saki hannunki, Maman Sani, ulu ba kaba ba ne!" Haka Maman Yohanna ke faɗa, ta karɓa ta warware, a sake daga farko. Ga ta da tsohon ciki, zaman ma wuya yake mata, ƙafafunta sun kumbura, yatsanta ya yi kanta inda zaren ke bi. Amma da ta sauke tukunyar rana sai ta koma kai.

Sani fa ko kallon abin bai yi ba, shi motar kara ce a gabansa. Ni ma ba wawuya ba ce, na san ko ta wace ce. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana, to ita ko fuskar ba ta bari in gani, sai dai hannun. Ni aka aika in tsinto audugar rimin da za a cusa a ciki, don lokacin ne 'ya'yan rimi ke fashewa. Ni da ƙawayena muka bi gindin wani babban rimi kusa da ganuwa muna cika zani, audugar na shiga mana hanci muna atishawa. Na zauna gabanta ina cire ƙwayoyin, tana tura audugar cikin kan yanyawar da tsinken tsintsiya. Na yi ƙarfin hali na ce, "Adda, ta wa ce?" Ta ce, "Mi ya dame ki? Cire 'ya'yan da kyau." Ta yi kunnuwan manya irin na gaske. Ta ciro maɓallai daga tsohuwar rigar kakin Baba ta yi idanu. Zaren ruwan goro ya ƙare saura ƙafa ɗaya, aka rasa irinsa a kanti, ta ƙarasa da ja. Ni kuma na gama shirya yadda za a yi a zuciyata: ranar tafiya za ta miƙo mini da hannunta, ta ce ungo Hajara. Har gwada amsar da zan ba ta nake yi a hanyar makaranta.

Ranar ta zo. Da hantsi motar ta iso, maƙwabta suka cika gida, wannan ta kawo ƙuli-ƙuli, waccan ta kawo daddawa a kai wa mutanen Kaduna. An yi mini kitso, an sa mini sabuwar atamfa, an ɗaure kayana a akwatin kwano. Ina ta waige-waige. Adda kuwa lokacin ne ta ga damar zuba gero a turmi, can bayan madafa, ta juya mana baya tana daka da cikin nan nata. Maman Yohanna ce ta fito da yanyawar a naɗe cikin ɗankwali, ta danna mini a hannu, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, wai Sani ya ce ba ya so. Na ƙanƙame ta, na taka har bayan madafa na tsaya. Na ce, "Adda, zan tafi." Taɓaryar ba ta tsaya ba. Na sake faɗa. Sai ta ɗaga murya, ba da ni ba, da Gwaggo da ke tsakar gida: "Allah ya kiyaye hanya, Yaya. A gaida mutan gida." Matan da ke wurin suka yi ta sa mata albarka. Na shiga mota ina jin dakan har muka karya kwana, na yi kuka har Funtuwa, kuma a ranar na tabbata a raina cewa matar nan ba ta ƙaunata.

Gwaggo ba ta rage ni da komai ba, Allah ya saka mata. Ga lantarki, ga firji, ga takalmin makaranta, ga shayi da burodi kullum safe. Da yanyawar nake kwana, duk da ina fushi da mai ita. Tauri gare ta kamar gammo saboda tsukewar saƙar, ba ta da laushin ta cikin hoto ko kaɗan. Damina na sauka, wata safiya wani direba abokin aikin Baba ya yi sallama. Na ga Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati. Adda ta rasu a kan gwiwa, ita da abin da ke cikinta. Kafin mu isa Katsina an riga an kai ta. Na zauna cikin masu zaman makoki idona a bushe, mata na cewa yarinyar nan ta gado haƙurin uwarta. Ba haƙuri ba ne, ni dai na kasa ne.

Washegarin addu'ar uku Maman Yohanna ta ja hannuna zuwa ɗakinta ta sakaya ƙofa. Ta nuna mini gefen gadonta ta ce in zauna nan. Ta ce ranar da na tafi, da gida ya watse, Adda ta yar da taɓarya ta shigo ɗakin nan, don nan ne kawai babu wanda zai ce ta yi abin kunya. Ta zauna daidai inda nake, ta cusa fuskarta cikin matashi don kada a ji. "Sunanki take ta kira," in ji Maman Yohanna. "Hajara, Hajara, Hajarata. Har muryarta ta dushe. Ta ce in na faɗa wa wani ba ta yafe ba. To ni yau na faɗa, sai ta kama ni a can." A nan ne kukan ya zo mini, na yi shi har na shiɗe.

Yau ganuwar nan ta zube, rimin an sare shi, gidan hayar ya zama shaguna. Su Maman Yohanna sun koma garinsu tun ina budurwa, ban kuma sake jin ɗuriyarta ba. 'Yar tsana kuwa sai wadda yaro ya zaɓa a kanti, mai magana ma akwai. Ina zaune ina kallon 'yata tana rungume ɗanta na fari a gaban surukanta, tana kiran sunansa, tana sumbatarsa, babu mai ɗaga ido. Tsofaffi irina suna cewa zamani ya lalace, kunya ta ƙare. Ina jin su, ba na musu, don na san darajar abin da suke kewa. Amma a raina nakan ce kira shi, ɗiyata, kira shi da ƙarfi ya ji. Ni sunana a bakin uwata, labarinsa aka ba ni.