Wa Ke Taɓa Duron Clarrie?

Yayana Clarrie Tulloch bai taɓa yarda cewa abu yana lalacewa don kansa ba. In taya ta sace, wani ne ya dasa mata ƙusa. In kaza ta daina ƙwai, wani ne ya tsorata ta. Tun muna yara haka yake, kuma aikin da ya yi har furfura ta rufe shi, na awon raken manoma a bakin injin sukari na garinmu, bai rage masa komai ba. Mutum ne da ya ƙarar da ƙarfinsa yana leƙa ƙarƙashin kaya ko an cusa ƙasa don ƙarin nauyi. Ni ma ba zan ce na fi shi da yawa ba, jini ɗaya ne. Bambancinmu, ni nakan yi zargina in haɗiye, shi kuwa sai ya furta.

Duk faɗin arewacin Queensland mutum biyu ne suka tsira daga wannan hali nasa: matarsa Glenys, da maƙwabcinsa Aldo Pavan, jikan Italiyawan nan da suka zo saran rake. Shi da Aldo tun suna samari suke tare. Kullum la'asar za ka gan su a ƙofar ɗakin kwanon Clarrie na bayan gida, kowa da kwalba a hannu, suna zagin juna. Ban da Aldo yayana ba shi da wani aboki, wannan kuwa ba ɓoyayyen abu ba ne.

A ɗakin kwanon nan yake haɗa giyarsa. Babban duro ne na baƙar roba, mai murfi a sama da ɗan famfo a ƙasa. A juye gwangwanin tsimin sha'ir, a zuba sukari da ruwa, a barbaɗa yis, a rufe. A murfin akwai ɗan lanƙwasasshen bututu mai ruwa a ciki, ta nan giya ke numfashi, ɓul, ɓul, har ta nuna. Duk wanda ya taɓa haɗawa ya san ana bar wa kumfa wuri, kamar taƙi guda daga baki, don in ta taso ta toshe bututun, iska ba ta da mafita sai ta yi sama da murfi. Clarrie kuwa fal yake cikawa.

"Don giya na sayi duro, ba don iska ba," in ji shi.

Abin haushin, bai taɓa fashe masa ba. Maza a kulob, mashayar garinmu, na ta ba da labarin goge kumfa a rufin ɗaki, shi yana ta taƙama wai hannu ne. Ni dai ban taɓa yarda da maganar hannun nan ba, amma ban gano inda ƙaryar take ba.

Glenys ta rasu cikin watan Yuli, lokacin sanyinmu a nan. Ya yi watanni bai leƙa ɗakin kwanon ba, sai da zafi ya kunno kai, mangwaro ya fara nuna, sannan ya ɗora duro. Na yi murna, na ce ya fara dawowa hayyacinsa. Bayan kwana biyu, da rana tsaka, ina kicin ɗina a tsallaken titi na ji wata ƙara, bum. Na same shi tsaye a tsakiyar ɗakin, murfi can bayan injin yankan ciyawa, kumfa mai ruwan ƙasa na ɗiga daga kwano tana sauka a sanƙonsa. Ko'ina tsami da ƙudaje. Aldo ya riga ni zuwa, yana riƙe da ciki don dariya.

"Tsoho, ruwan sama kake haɗawa yanzu? Ai sai ka faɗa in zo da laima."

"Rufe mini baki, sarkin cin taliya. Kai da ruwan inabinka ke tsinka hanji, kai ne za ka koya mini giya?"

"Ba koyarwa ba ce, tausayi ne. Ka rage mata jug biyu. Ka cire wannan ɗan tsurut ɗin bututun, ka sa tiyo mai kauri, ka tsoma ɗaya bakin a bokitin ruwa, in za ta yi amai ta yi can. Ka naɗa wa duron jiƙaƙƙen tawul, zafin nan ko ni tafasa nake."

Clarrie ya daina goge kansa, ya ƙura masa ido. "Jug biyu. Ka ma riga ka auna ke nan."

Na san wannan kallon. Shi yake yi wa manoma a bakin sikeli. Ban taɓa ganin ya yi wa Aldo ba sai ranar.

Ya sake ɗorawa, fal kamar kullum, ta sake tashi da murfi. A nan ya zo ya zauna a kicin ɗina, ya ƙi shan shayi, ya soma jero mini hujjoji. Duro shi ne na da. Yis irin wanda ya saba ne. Zafi kuwa ba bana aka fara shi ba. To me ya canza? Surukin Aldo ya fara haɗa giya, har ya sa sunansa a gasar giyar Kirsimeti ta kulob, wadda Clarrie ya saba lashewa.

"Sukari cikin hannu biyu, Noela. Mutum ya ɗaga murfi, ya watsa, ya mayar. Ba sai ya yi gumi ba."

"Yaya, Aldo fa kake nufi."

"Ni ban kira suna ba. Ke kika kira."

Ni a lokacin Clarrie kansa nake zargi. Na ɗauka da gangan yake yi don mu riƙa garzayowa, tunda gidan ya yi masa shiru.

Ya ɗora ta uku, ya barbaɗa fulawa a ƙasan ɗakin. Da safe ga sawun silifas, ƙato, har gindin duro. Aldo bai musa ba, ya ce ya shigo ne ya dafa jikin duron ya ji ko ya yi zafi. A layinmu wa ke neman izinin shiga ɗakin kwanon wani? In kana son tsani ka ɗauka, in ka gama ka mayar. Ranar nan Clarrie ya je kanti ya sayo kwaɗo, ya kuma buga katako a taga. Ba a taɓa kulle ɗakin kwano a layin nan ba, mata har fitowa suka yi kallo. Ɗakin kwano a rufe ruf cikin watan Disamba, tsakiyar zafinmu, kuwa, ba sai na faɗi yadda ya koma ba. Wannan karon sai da murfin ya lotsa rufi. Mai hankali zai ce to ga shi, ba wanda ya shiga. Yayana ya ce ashe mutumin har mabuɗi ya yanka.

Ran Juma'a da yamma a kulob, wuri ya cika ana fitar da ƙuri'ar wanda zai ci kyautar tiren nama, wani ya tambaye shi ina giyar gasa. Ya miƙe ya nuna Aldo da kwalba.

"Ku tambayi wancan. Shekara da shekaru yana cin girkin matata, ciyawa ba ta rufe kabarinta ba ya fara shigar mini ɗaki kamar ɓarawo."

Aldo ya buɗe baki, na ga magana ta zo masa har leɓe, sai ya mayar da ita. Ya ɗauki hularsa ya fita. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata.

Da safe ina yi wa Clarrie shanyar wanki sai ga Rina, matar Aldo, 'yar ƙaramar mace mai ƙaton murya, ko gaisuwa babu.

"Clarrie, fito nan, tsohon banza. Ka taɓa tambayar kanka da me Glenys ke kama dodon-koɗi a lambunta? Duk layin nan latas ɗinta ne kaɗai babu huji."

"Me ya haɗa latas da maganar jiya?"

"Giyarka mana. Duk ranar da ka ɗora duro, kana juya baya za ta buɗe famfo ta tsiyaye jug biyu, ta zuba a gwangwanaye ta kafa a lambu, su bi ƙanshi su faɗa. Tun kuna amare ta ga ba ka jin magana, ta je ta tambayi mijina nawa za a rage, ya faɗa mata. Wai hannu. Hannunta ne, ba naka ba."

Sai na tuna irin zagin da ya sha yi wa masu ƙera duron, wai sun yi ƙaryar girmansa, don kullum adadin kwalabensa ba ya cika.

"To me ya hana shi faɗa?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Tun farko na ce ya faɗa. Ya ce a bar ka da taƙamarka, ita kaɗai ta rage maka."

Ta juya ta tafi. Ina jiran in ga ya bi ta, sai ya juyo gare ni.

"Ke ma kin sani?"

"Ban sani ba, Yaya."

"To me kuma ta yi a bayan idona?"

Ban san lokacin da na jefe shi da jiƙaƙƙiyar riga ba. Na ce masa mace ta yi rayuwarta kaf tana kare shi daga taurin kansa, ba ta taɓa kunyata shi ba, in wannan ne godiyar to Allah ya hutar da ita. Ya wuce lambun da ya cika da ciyawa, ya durƙusa yana tono da hannu. Ya ciro gwangwani mai tsatsa, ya ciro wani. A nan ya yi kukan da bai yi ba a coci, ni ma tausayinsa ya karya mini zuciya duk da haushin.

Ya cire kwaɗon, ya ɓalle katakon. Ya rage wa duro, ya sa tiyo da bokiti da tawul, yadda aka gaya masa tun farko. Gasa ta wuce babu shi. Bayan sabuwar shekara giya ta nuna, ya sanyaya kwalba ɗaya, ya sa riga mai maɓalli, ya tsallaka gidan Aldo. Aldo na zaune a baranda yana gyaran ragar kamun ƙaguwa.

"Ga ta nan. Ta zauna lafiya wannan karon."

"Madalla."

"Ba za ka buɗe ba?"

"Ajiye nan a kan matakala, Mista Tulloch. Kada in taɓa ta yi tsami a ce ni ne."

Clarrie ya tsaya riƙe da kwalbar. Ni ina bayan labulen gidana ina roƙon Allah Aldo ya zage shi ko sau ɗaya ne, ya ce masa tsoho, ya ce masa marowaci. Aldo ya ci gaba da ɗinkin ragarsa. Yayana ya sunkuya ya ajiye kwalbar inda aka ce, ya juyo gida a hankali.