Famfon da Na Matse a Ɗorayi

Shekarar da na fara aiki a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, muna haya a Ɗorayi, ciki da falo da banɗaki. Alhaji mai gidan doka ɗaya ya kafa mana: kada wanda ya taɓa bututun ruwa sai Baba. Baba dattijo ne mutumin Filato, ya daɗe yana gyaran famfo a masana'antun Bompai kafin ya ajiye aiki. Shi ya ja ruwan gidan tun daga tanki har banɗakuna, kuma bango ɗaya ya raba ɗakinsa da banɗakinmu. Da Sallah mu kai musu tuwo, da Kirsimeti matarsa ta aiko mana da cincin.

Famfonmu ya fara ɗiga. Maiɗakina ta ce in kira Baba, girman kai ya hana ni. A wajen aiki na tambayi wani abokina ko akwai dokar gwamnati da ta ce sai mai takardar sana'a zai taɓa famfo.

Ya ce, "Kai ma dai! Wa zai biyo ka banɗakinka ya kama ka?"

Har yau ban san abin da dokar ta ce ba. Na dai ji abin da nake so in ji.

Na aro ƙatuwar sifana, irin wadda muke ɗaure inji da ita. A kamfani ɗauri ɗaya muka sani: ka matse har hannu ya gaza, sannan ka ƙara da ƙafa. Haka na yi wa famfon, na manta bututun cikin bango na roba ne. Na ji wani abu ya ce ƙas, amma da yake ɗigar ta tsaya, sai na fito ina hura hanci.

Kwana huɗu bangon ɗakin Baba ya jiƙe sharkaf, fenti ya kumbura, accar da aka aiko wa matarsa daga gida ta yi funfuna. Ranar Asabar Alhaji ya zo. Baba ya fasa bangon, ga bututu a tsage. Ya shafa wuyan famfon inda sifana ta ci ƙarfen, ya dube ni sau ɗaya, ya kau da kai.

Alhaji ya ce, "Baba, tsufa ne ya fara? Aikin sabon gidana na Na'ibawa kam sai dai in nemi wani."

"Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Zan gyara."

Ina tsaye da bokiti a hannu. Na san Alhaji kaɗai ya rage yana ba shi aiki mai kauri. Na sani sarai, na yi shiru.

Da la'asar maiɗakina ta ajiye mini abinci, ta zauna nesa.

"Injiniya, a ci lafiya."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Ta wadda ta riƙe maka ƙofa kana taka sifana. Mutumin da ya kai ni asibiti a babur ɗinsa ranar da kake aikin safe, shi ka bari ana kunyatawa?"

Na ture abincin gefe.

Washegari na jira Baba ya dawo daga coci, na durƙusa a ƙofarsa na ce, "Baba, ku yafe ni. Ni na fasa."

Ya yi dariya har da tari. "Ɗana, ai na gani. Wannan ɗaurin ko jirgin ƙasa aka yi wa ba zai motsa ba."

"To me ya sa ba ku faɗa ba?"

"In faɗa ya tashe ku, matarka da tsohon ciki? Ina za ku?"

Daga nan ban koma ɗaki ba, na wuce gidan Alhaji. Na faɗa masa komai a zaure, kaina a ƙasa. Ya yi faɗa sosai, ya ce in da wani ne da yau ya kwashe kayansa. Sannan ya tambaye ni ko Baba ne ya turo ni. Na rantse masa ba shi ba ne.

Ya shiga ciki ya fito da mukullan gidan Na'ibawa.

"Kai masa. Ka ce ni ma ina zuwa ba shi haƙuri da bakina."

Na kai. Baba ya juya mukullan a tafin hannunsa, ya ɗaga murya ya ce wa matarsa ta fito masa da jakar kayan aiki, gobe da sassafe zai fita.