Gorar da Na Kafa a Bakin Burtali

Jama'a, assalamu alaikum. Waɗanda suka san ni za su ce ai wane ba ya rabuwa da littattafan soyayya, ko a bakin rumfa yake akwai ɗaya a aljihunsa, kuma gaskiya suka faɗa. Amma wannan da zan ba ku ba a littafi na tsince shi ba. Wallahi tallahi a kaina ya faru, idona biyu, rana na tsakiyar sama, kuma in na ƙara ko kalma ɗaya Allah Yana gani.

A 'yan shekarun baya ne, lokacin nan da takardar kuɗi ta yi wuya, mutum na da abinsa a banki amma ya rasa na sayen gishiri. Ina zaune a ƙauyenmu, tsakanin Bagwai da Shanono, ba zan faɗi sunansa ba, kuma watana uku ke nan da aure. Saude sunan amaryata. Kada ku sa in fara siffanta ta don ba za mu tashi yau ba, abin da zan ce kawai, in ta yi murmushi sai in ji kamar an yi ruwan farko a cikin ƙirjina. Kafin aure duk shekara Kudu nake tafiya neman abinci, in yi wata shida, bakwai, ban leƙo gida ba. To yanzu ga Saude a ɗaki, ku gaya mini da wace ƙafar zan hau mota?

Shi ya sa na je na durƙusa gaban Sarkin Kasuwarmu, wani dattijo mai faɗa amma mai adalci, na roƙe shi rumfar ƙarshe, wadda ke bakin burtali, wato tsohuwar hanyar shanu da ta ratsa tsakanin gonaki ta miƙe ta yi gabas. Na ce zan sa taki da iri da maganin feshi, in kuma kawo injin POS, kowa ya biya da kati.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ango, kasuwa uku na ba ka. Mutane sun gaji da komawa gida da kayansu. In injinka ya yi aiki, rumfa taka ce har 'ya'yanka. In bai yi ba, akwai wani mai kanti daga Bici da ke ta yi mini sintiri a kanta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko kasuwa ɗaya ta isa."

Kai, baki! Ga kuskuren da na yi, ku saurara da kyau. Injin nan ba ya motsi sai da sabis, to sai na zo rumfar ranar Litinin, ba kowa sai awaki, na gwada layin da kowa ke riƙewa a garinmu, na ga sabis ya cika dam, na ce shi ke nan an gama. Na manta kasuwarmu ranar Laraba take ci, kuma ranar duk ƙauyukan da ke kewaye da mu a nan suke juyewa, kowa da wayarsa, kowa a kan layin nan ɗaya. Laraba na yi, tun hantsi injin ya fara juya ɗan zobensa, yana juyawa, yana juyawa, ni kuma ina ɗaga shi sama kamar mai roƙon ruwa, har la'asar ko rasit ɗaya bai fito ba.

Kasuwa ta biyu na sayo wani layin daban. Ya yi mini aikin safe, mutum huɗu, na fara washe baki, rana na ɗagawa shi ma ya bi ɗan'uwansa. Mahaucin da ke kusa da ni ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Ango, wai injin naka ma amarci yake ci ne? Ya ƙi fitowa aiki!" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma ta yaƙe.

Da na koma gida na shiga neman tsohuwar jakata ta tafiya, na duba bayan ƙofa, na duba ƙarƙashin gado, babu.

Na ce, "Amarya, ina jakar nan tawa?"

Ta ce, "Wace jaka kuma, Yaya?"

"Ta Kudu mana."

Ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafar da take yi ba ta ce, "Kaza ta yi ƙwai a ciki, tana kwanci. Sai ka jira ta ƙyanƙyashe." Ta faɗa da wasa, amma na ga hawaye ya ɗiga cikin faranti. Wallahi a nan na rantse a zuciyata ko sama zan hau sai na sauko da sabis ɗin nan.

Ranar Talata, saura kwana ɗaya kasuwa ta uku, na yi sammako na tafi Bici na sayo ɗan akwatin intanet, irin wanda ake sa wa sim a ɗaga shi sama ya riƙa ba injin sabis daga nesa, na haɗo da doguwar waya da zan jona shi da batirin sola. Na kuma sayo layi na uku, wanda a garinmu ba mai riƙe shi, har tsokana ake yi ana ce masa layin marayu. Na samo doguwar gora. Na dawo ana zafin bazara irin wanda ko tsuntsu ba ya tashi, wata da watanni ko yayyafi ba a yi ba, na jera wayoyi uku a kan wani kututture a bakin burtali, kowacce da layinta, na zauna na zuba musu ido na rasa wanne zan ɗauka.

Sai na ji an yi sallama a bayana.

Da a littafi ne, da na ce muku na waiwaya na ga wata kyakkyawa mai gashi har gadon baya. Ina! Wani gajeren dattijo ne da malafa da sanda a kafaɗa, irin ta makiyaya, amma ko ɗan maraƙi babu a tare da shi. Na amsa, na gaishe shi. Abin da na lura da shi, ban kuma ba shi muhimmanci ba sai daga baya, ƙafafunsa har gwiwa duk ɗanyen taɓo ne, yana sheƙi, kamar yanzun nan ya fito daga fadama.

Ya ce, "Ɗan nan, hanya kake nema?"

Na ce, "A'a Baba, sabis nake nema."

Ya ce, "Duk ɗaya ne." Ya matso ya leƙa wayoyin, ya nuna biyun farko da bakin sandarsa ya ce waɗannan cike suke da mutane, gobe ko allura ba za ta wuce ba. Sannan ya ɗora sandar a kan ta ukun, wadda sabis ɗinta ƙwaya ɗaya ce tal, ita ma tana zuwa tana ɓacewa. Ya ce, "Wannan ba kowa a kanta sai mu."

Ya taka zuwa gefen burtalin, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraren wani abu daga nesa, ya matsa taku biyu, ya dangwara sandar a ƙasa ya ce in kafa gorata a nan, kada in ƙara ko taki ɗaya. Ni dai don girmama furfura na ɗauki wayar na kai wurin. Jama'a, ina tsayawa a kan alamar sai na ga sabis ya hau, ɗaya, biyu, uku, ya cika fal! Na ja da baya kaɗan, ya ɓace. Na dawo, ya cika. Na ce, "La ilaha illallahu!"

Ya ce, "Amma da sharaɗi. Ranar kasuwa, in ka ga inuwarka ta shige ƙarƙashin ƙafarka, ka kashe abin nan ka ba mu hanya. Ƙararsa tana firgita mana ƙanana."

Na ce, "Baba, ai ba ya ƙara."

Ya ce, "A kunnenka."

Ya juya ya bi burtalin yana 'yar ƙyaƙƙyata harshe irin ta masu kora, yana kaɗa sanda dama da hagu. Na sunkuya in kwashi wayoyina, na ɗago, babu shi. Burtalin nan miƙaƙƙe ne, shingen ƙaya ta kowane gefe, kana hango mutum tun daga nesa. Babu kowa. Sai sawun taɓo guda biyu a inda ya tsaya, suna bushewa a gabana. Na karanta duk abin da ya zo bakina, amma da na tuna Saude da farantin shinkafarta sai na ɗauko diga na haƙa ramin, na sa layin marayun a akwatin, na sa shi a cikin robar fenti, na ɗaure a kan gora, na kafa.

Laraba ta zo. Na yi bismilla na zura katin farko, kirrr, rasit ya fito tun kafin mai katin ya gama mayar da hularsa daidai. Na biyu, kirrr. Na goma, kirrr. Kafin hantsi labari ya zaga kasuwa, layi ya miƙe daga rumfata har wurin masu tukwane, wayoyin mutane duk sun mutu amma injina sai aiki yake kamar an biya shi. Mahauci ya leƙo ya ce, "A'a, ango, yau an sallami injin daga ɗaki ke nan?" Na ce, "Kawo katinka ka gani!"

Ina cikin wannan daɗi sai ga Sarkin Kasuwa da kansa, mutumin Bici na biye da shi da babbar riga. Aka buɗa masa, ya miƙo kati ya ce buhu biyu na taki yake so, kuma da idonsa yake son ya gani. Na miƙa hannu zan karɓa, idona ya faɗa ƙasa. Inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafata.

Ku sa kanku a matsayina. Ga rumfa, ga Saude, ga komai a cikin katin nan, minti ɗaya kawai nake bukata. Zuciyata ta ce yi maza ka zura, wa zai sani? Amma sai na ji maganar nan, "a kunnenka," kamar yanzu ake faɗinta. Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri kaɗan." Na sunkuya na zare wayar daga jikin batir.

Kasuwa ta ɗauki ihu. Mutumin Bici ya yi dariya ya ce, "Ka gani ko, ranka ya daɗe? Dama na gaya maka, da ya ga manya sai ya ɓoye kunyarsa."

A daidai lokacin na fara ji a tafin ƙafata. Ƙasa na girgiza a hankali, dididi, dididi, kamar garke mai yawa na tahowa. Wani sanyi ya ratso ta burtali, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da warin shanu, alhali sama fes take. Jakunan da aka ɗaure a wurin suka manne da shinge suna rawar jiki. Gorata ta lanƙwasa ta dawo, ta lanƙwasa ta dawo, kamar ana gogar ta ana wucewa. Ba ƙura, ba komai da ido zai kama. Yawancin mutane hayaniyarsu kawai suke yi, ba su lura ba, amma na ga wata mai tallar nono ta janye ƙwaryarta daga hanya da sauri ta rufe bakinta da mayafi, na kuma ga Sarkin Kasuwa ya ja ƙafarsa baya.

Can abin ya wuce, zafi ya dawo. Na mayar da waya, na jira ɗan akwatin ya farka, na zura katin. Kirrr!

Wayyo, jama'a, ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba! Sarkin Kasuwa ya karɓi rasit ya ɗaga shi sama ya ce, "Ku shaida, rumfa ta ango ce!" Mahauci ya buga wuƙa a kan teburinsa yana kabbara, mutumin Bici ya tattara rigarsa ya sulale. Da Sarkin Kasuwa zai tafi sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Abin da ka yi ɗazu, kada ka taɓa fasawa." Ran nan da gudu na shiga gida, Saude ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko haihuwa aka yi.

Ban sake hawa motar Kudu ba. Rumfa ta zama shago, har ƙofar ƙarfe na sa. An taɓa turo wani ma'aikacin kamfanin layin yana zagayen ƙauyuka da na'urar awo, ya tsaya a gindin gorata ya auna, ya sake aunawa, ya ce shi a iya saninsa ba su da ƙarfen sabis da zai kawo nan. Yana faɗa injina na fitar da rasit a gabansa. Ya sha ruwa ya tafi yana waiwaye.

Dattijon nan mai sanda kuwa ban sake ganinsa ba, kuma duk wanda na siffanta wa shi sai ya ce bai san shi ba. Amma kwanan baya Saude ta kawo mini abinci ranar kasuwa da 'yarmu a goye, shekararta biyu, daidai lokacin da na zare waya. Yarinyar nan ta leƙo daga bayan uwarta, ta kalli burtalin da ba kowa, ta washe baki tana ɗaga hannu tana cewa, "Baba, muu! Muu!" Kanta na bin wani abu a hankali daga yamma zuwa gabas. Har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Don haka 'yan'uwa masu sana'ar kati, in za ku zaɓi layi kada ku gwada shi ranar da gari ya yi shiru, ku gwada shi ranar kasuwa, da cikar jama'a, kuma kada ku raina wanda ba kowa a kansa. Sannan duk inda za ku kafa gora ku yi bismilla, ku yi sallama ko da ba ku ga kowa ba. In kuwa aka ce ku ba da hanya, don Allah ku bayar, ko da sarki ne tsaye a gabanku da kati a hannu.